Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Manoman Ƙasar Zazzau Kan Batun Tare Hanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu sarakunan noma, shugabannin ƙungiyoyin manoma na Zariya, Sabon Gari, Giwa, Kudan, Maƙarfi, Soba, Ikara da Kubau, muna gaishe ku gaisuwar 'ya'ya ga iyaye. Barkanku da aiki, Allah ya sa albarka a gumin da kuke zubarwa, ya tsare ku a gonakinku.

Masu wannan takarda direbobi ne, da 'yan kamasho, da masu lodi, da dillalan kayan gwari da hatsi da ke neman abinci a tashoshi da kasuwannin Zariya da kewaye. Kusan kowannenmu ɗan manomi ne, da yawanmu kuma muna da ɗan abin da muke nomawa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar da ke yawo a majalisu da bakin kasuwa duk lokacin da farashin hatsi ya faɗi ko taki ya yi wuya, cewa gwamnati ba ta jin kuka sai an fita an tare titi. Matasa na faɗinta da zafi, kuma ba mu ji manya sun tsawatar da babbar murya ba. Muna roƙonku ku saurari waɗanda rayuwarsu ke kan kwalta kafin wannan shawara ta yi jijiya.

Bari mu fara da cewa kukanku gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hekta ɗaya ta masara, idan za a bi abin da malaman gona ke koyarwa, tana cin buhu 8 na takin kamfa 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya, kowane buhu kilo 50. Ga iri, ga maganin ciyawa, ga kuɗin huɗa, ga feshin tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta hana masara sakat. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, mai injin ban ruwa a fadamar Galma shi ya san abin da wannan ke nufi. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Mai saye a birni ya ɗan samu sauƙi, amma manomin da ya zuba taki mai tsada ya wayi gari a kakar 2025 buhun masararsa mai kilo 100 ba ya iya saya masa buhun taki ɗaya. Ƙara da wanda ya bar gonarsa a yammacin Giwa saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya ce manomi ba shi da dalilin fushi bai taɓa riƙe fartanya ba.

Inda muka rabu shi ne wurin da za a sauke fushin.

Ku dubi yadda Allah ya zaunar da Zariya. Babban titin da ya taso daga Abuja ya ratsa Kaduna zuwa Kano ta nan ya bi. A Kwangila ya haɗu da titin Sakkwato, wanda ya wuce Samaru, Shika da Giwa ya nufi Funtuwa da Gusau. Ta gabas kuma ga titin Jos da ya bi ta Maigana da Soba zuwa Pambeguwa. Wanda ya toshe Kwangila ya shaƙe wuyan jihohi da dama a lokaci ɗaya, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Tirela ɗaya da ɗan tazarar da ke gabanta tana cin wajen mita 20, wato tirela 50 kawai sun cika kilomita guda. A titin da manyan motoci ba sa yankewa dare da rana, awa biyu ta isa layi ya miƙe daga Kwangila ya wuce Ɗanmagaji. Kuma cunkoso ba ya warwarewa da saurin da ya ƙullu. Ko an janye duwatsu da azahar, sai dare ake gama kwance shi, domin a cikin layin akwai motar da batirinta ya mutu, akwai wadda iskar birkinta ta zube sai ta tara wata kafin ta motsa, akwai wadda direbanta ya kulle ya tafi neman abinci, sannan ga ƙananan motocin da suka cusa kai ta kowane gefe suka mai da layi biyu layi biyar.

Sai mu zo kan abin da ke cikin motocin, don a nan ne abin ya fi ba mu tausayi. Kayanku ne. Tumatir ɗin da aka tsinka a Hunƙuyi ko Soba aka jera a kwanduna, kwando kan kwando, an yi lissafinsa ne a kan kwanakin da zai yi kafin ya isa kasuwar Mile 12 a Legas. Shi ya sa ake tsinkarsa bai gama nuna ba. Muddin mota na tafiya iska na ratsa kwandunan tana kwashe zafi. Da zarar ta tsaya a rana, zafin da tumatir ɗin ke fitarwa da kansa ya haɗu da na kwalta da na ƙarfen bodi, sai na tsakiya ya fara laushi, na ƙasa ya fashe saboda nauyin na sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan irin wannan mota ya san alamar: jan ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin bodi yana bin taya, tsami na tashi, ƙudaje sun yi baƙi a jikin kwando, yaron mota ya zauna a inuwar taya ya dafe kai. Tattasai da attaruhu sun ɗan fi juriya, amma su ma wuni ɗaya a rana yana rage musu daraja.

To wa ya yi asarar? Mutane na ɗauka dillali ne. Ku kun fi kowa sanin cewa galibin kayan gwari bashi ake ɗauka a gona, sai an sayar a kudu a turo kuɗi. Idan kaya ya isa a lalace, abin da aka samu shi za a raba, bayan an cire kuɗin mota da na lodi da na kwando, waɗanda ba sa raguwa. Abin da ya rage shi ke dawowa hannun manomi. Bayan haka akwai asara ta biyu da ba a cika gani ba. Motar da ta maƙale yau ita ce ya kamata ta dawo ɗaukar na jibi. Idan ba ta zo ba, tumatir ba ya jiran kowa, sai ya nuna a gona, a wayi gari kwanduna sun yi yawa a bakin kasuwa babu motar ɗauka, farashi ya zube. Manoman Kaduna da suka ga abin da tsutsar tumatir ta yi a 2016, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ba sa buƙatar a ƙara musu wata musiba da hannun 'yan'uwansu.

Haka abin yake ga dabbobi. Shanun da aka cusa a tirela a tsaye suke, babu ruwa babu kiwo, wanda ya gaji ya durƙusa sauran su tattake shi, sai dai a yi sauri a yanka a sayar da arha. 'Yan tsakin da ake kawowa masu kiwon kaji a kwalaye ba sa jure awa biyu a motar da ba ta motsi. Rake da mazarƙwailar Maƙarfi, nonon da matan Fulani ke shigowa da shi gari da safe, duk lokaci suke tsere da shi. Takin da ake kuka a kansa ma ta wannan titin yake shigowa, kuma masara ba ta karɓar uzuri: zubin farko cikin mako biyu da shuka, na biyu tsakanin mako huɗu zuwa shida, in ya wuce an yi asarar kuɗi. Wannan shi ne haushin kaza huce kan dami, damin kuma naku ne.

Abu na biyu ya fi dukiya nauyi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, kuma mai zuwa daga cikin Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, ko daga Soba da Maƙarfi, kusan dole ya bi ta Kwangila da Samaru. Can ake tura wanda ƙananan asibitoci suka kasa. Macen da haihuwa ta zo mata da gardama ko jini ya ɓalle mata, yaron da ke jijjiga, mai wankin ƙoda da aka ba shi rana da sa'a, wanda ya yi haɗari ana neman jini. Masu tare hanya kan ce ai za a buɗe wa motar asibiti. Wannan magana ce ta wanda ke tsaye a bakin shingen. Motar tana can kilomita uku a baya, gabanta tirela, bayanta tanka, hagu da dama an cushe, jiniyarta ba ta da inda za ta kai ta. Kuma mafi yawan marasa lafiyarmu ba a motar asibiti ake kawo su ba. A Golf ake kawo su, ko a Keke Napep, ko a bayan a-kori-kura an shimfiɗa katifa. Babu wata alama a jikin motar da za ta nuna wa mai sanda a hannu cewa rai ne a ciki.

Na uku, haɗari. Idan aka toshe hannu ɗaya na titi mai hannu biyu, ƙananan motoci sukan tsallaka su bi hannun da ba nasu ba. Mai tahowa daga Kano a guje bai san da su ba, sai a yi taho-mu-gama. Wasu kuma sukan karkata cikin gari, su bi Ƙofar Doka, Tudun Wada, Agoro, su haura gadar Kubanni zuwa PZ, titunan da ba a yi su don manyan motoci ba, inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta da Islamiyya. A cikin layin akwai tankokin mai masu ɗauke da lita 33,000 ko 45,000. Mai yana kumbura idan ya sha rana, tururinsa na fita ta murfi, kuma ƙyas ɗaya ya ishe shi. Wanda ya kunna taya a kusa da irin wannan mota bai san da me yake wasa ba. Ita kanta kwaltar wuta na cinye ƙaron da ya riƙe tsakuwarta, wurin ya yi laushi, ruwan damina ya shiga, kafin kaka ya zama rami, ramin da motar masararku za ta faɗa ta karya sifirin.

Ga kuma batun dare. Direban da zai bi hanyar Funtuwa ko ta Birnin Gwari yana ƙirga tafiyarsa ne don ya wuce wasu wurare da sauran rana. Idan aka riƙe shi awa biyar a Zariya, ko dai ya kwana a titi da fasinja mata da yara, ko ya kama hanya bayan magariba. Ku da kuka bar gonaki saboda mutanen daji kun fi mu sanin abin da ke cikin wannan.

Na huɗu shi ne wanda muke faɗa da rawar murya. Titi ba shi da ƙofa. Ku ne za ku kira taron, amma ba ku ne za ku zaɓi waɗanda za su shigo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: zauna-gari-banza za su zo, su fara karɓar kuɗi hannun direbobi, su fasa gilashi, su hau motar abinci su kwashe. Daga nan sunan taron ya tashi daga kukan manoma ya koma tarzoma, jami'an tsaro su zo da shirin tarzoma. Zariya ba ta manta Disambar 2015 ba, abin da ya faro daga taƙaddama kan tare hanya ya ƙare da ɗaruruwan rayuka. Ba ta kuma manta watan Agustan 2024 ba, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. A waɗancan kwanakin wa ya kai kaya kasuwa? Wa ya yi maganar farashin taki? Ba ma son a wayi gari ana jana'izar ɗan manomi saboda buhun yuriya.

Ba muna cewa ku yi shiru ba ne. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta yanke a 2007 cewa ba sai da lasisin 'yan sanda za a yi gangami ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta ɗora musu nauyin ba da tsaro idan aka sanar da su. Amma sashe na 41 da ke biye ya ba matafiyi 'yancin zirga-zirga, kuma addininmu ya ce a ba hanya haƙƙinta, ya sanya kawar da abin cutarwa daga kanta cikin rassan imani. Don haka ga abin da muke roƙo.

Ku fito fili, a tarukanku da gidajen rediyo, ku faɗa cewa babu ƙungiyar manoma da ta yarda a tare babban titi, kuma duk wanda ya yi da kansa ya yi. Kalma ɗaya daga bakin sarkin noma ta fi takardarmu goma.

Ku kai kukan inda mai amsa shi yake zaune. Direban Sharon ba shi ya buɗe iyaka ba, fasinjarsa ba ita ke sa farashin taki ba. Akwai sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, akwai ofishin aikin gona na shiyya a Maigana, akwai ma'aikatar gona da Majalisar Dokoki a Kaduna, tafiyar kilomita 80 ce kawai. Akwai fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, inda hakimai da dagatai za su iya shigar da ku. Manomi dubu zaune a harabar sakatariya, kowa da fartanyarsa a ajiye gabansa, 'yan jarida na ɗauka, ya fi ƙona taya ɗari tasiri, domin wanda ya kamata ya ji kunya shi zai ji.

Kada ku tafi da baki kawai. Ku rubuta. Kowace gunduma ta kawo lissafinta: manoma nawa, hekta nawa aka noma bara, nawa aka noma bana, buhu nawa aka kashe na taki, buhu nawa aka girbe, nawa aka sayar, ƙauyuka nawa aka daina nomawa. Allah ya ajiye muku masana a ƙofar gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922, da cibiyar malaman gona ta NAERLS, duk suna nan, aikinsu ke nan, ku nemi su taya ku tsara lissafin. Sannan ku taƙaita buƙatu zuwa uku ko huɗu da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Misali, takin tallafi ya iso gunduma kafin ƙarshen Mayu, a liƙa sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a, domin takin da ya zo a Agusta masara ta riga ta fitar da kai, sai dai a sayar wa 'yan kasuwa. Gwamnati ta sayi hatsi a kaka a kan farashin da aka sanar tun kafin shuka. A daina buɗe ƙofar shigo da hatsi dab da girbi. A sa tsaro a hanyoyin gona lokacin shuka da lokacin kwasa. Ku ba da wa'adi a rubuce, ku karɓi sa hannun wanda ya amshi takardar da kwanan wata, ku karanta ta a rediyo.

Idan duk da haka kuka ga sai an yi tattaki, to a yi shi da tsari. A rubuta wa babban jami'in 'yan sanda na yanki kwanaki kafin ranar, a faɗi inda za a taso, inda za a bi, inda za a tsaya, da lokacin watsewa. A ba jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, kwafi, a kuma sanar da shugabannin tasha don mu gargaɗi direbobi su canza lokacin tashi, dillalai su ɗage tsinka da kwana ɗaya. A guji Kwangila, titin Samaru zuwa Shika, da gadar Kubanni gaba ɗaya. A bi gefe ɗaya na titin cikin gari, mutum uku-uku a jere, a bar ɗaya gefen a buɗe. A naɗa dattawa masu tsare layi, ɗaya ga kowane mutum ashirin, da wata alama a jiki da kowa zai gane su, kuma kowace gunduma ta zo da mutanen da ta sani da suna. Kada a fara kafin ƙarfe goma, lokacin da ɗalibai da ma'aikata suka riga suka wuce, a kuma watse kafin la'asar. Kada a sa ranar Juma'a, ko ranar cin babbar kasuwa irin ta Giwa ko Maƙarfi, ko lokacin jarrabawar JAMB, WAEC da NECO, don yaron da ya makara ya yi asarar shekara. Ba taya, ba fetur, ba gora, ba ƙananan yara. Mutum biyu kawai za su yi magana da hukuma da 'yan jarida. Kuma tun kafin a fito a yi alkawari: da zarar an ga baƙin fuskoki sun fara jifa, kowa ya zauna a ƙasa ko a watse nan take, kada a tsaya jayayya.

Muna kuma roƙon ku isar wa hukumomi wannan, da yawunku da namu. Mutum ba ya barin gonarsa ya tsaya a rana kan kwalta sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gaji. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta sa zama da wakilan manoma sau biyu a shekara, ɗaya kafin saukar damina, ɗaya kafin girbi, a rubuta abin da aka yanke, a dawo a duba. Takardar koke ta samu amsa a rubuce cikin mako biyu. Idan kuma aka samu waɗanda suka hau titi, a fara turo wanda zai saurare su tare da dagaci da limami, a tsayar da manyan motoci tun daga nesa kafin su cushe, kada bindiga ta zama gaisuwar farko.

Mu a namu ɓangaren ga abin da za mu iya. Ranar da kuka shirya kai takardarku Kaduna, ku sanar da mu da mako ɗaya, za mu yi magana da shugabannin tashoshinmu a samar da motocin da za su kai wakilanku su dawo da su a kan kuɗin mai kawai. Dillalanmu za su buɗe littattafansu ku ɗauki farashin kowane mako na kakar da ta wuce don ƙarfafa lissafinku. Idan kuna son a zauna, ku aiko mana ta hannun sarkin tasha ko sarkin kasuwar da ya fi kusa da ku, ku sa rana da wuri, za mu zo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zazzau da Najeriya baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Daga 'ya'yanku kuma ƙannenku,
direbobi, 'yan kamasho, masu lodi da dillalan kayan gona na Zariya da kewaye.